Hon ɗin Kawu Bawa da muryar dodo

Wuuu! Wuuu! Ƙawayena, yau na ji muryar dodo da rana tsaka, ina dawowa daga rafi a Rikoto!

Kun san macen da ta gan shi, an ce ba ta sake ganin damina. Mata suka zubar da tuluna, kowa ta arce. Na rufe ido na faɗa rumfar da Kawu Bawa ke ajiye tsohuwar motarsa. Sai kukan ya tashi dab da kunnena! Na durƙusa.

"Ladi, buɗe idonki," in ji Kawu.

"Kawu, ba zan buɗe ba! Ka roƙa mini shi!"

"Ke 'yar boko, hon ne! Ruwa ya shige shi, tsatsa ta ci bakin waya."

Na buɗe ido ɗaya. Ga hon a cinyarsa, an jona shi da batir. Ya kankare tsatsar, ya murɗa wani ɗan noti, kukan ya sirance har ya koma pip! pip! Sai ya waiga, ya rage murya.

"Kada ki faɗa a gida," ya ce.

Na ƙara wannan bayan shekaru: sai da Kawu ya rasu na ji cewa dattawa sun ci shi tarar akuya a ranar, don ya bar mace ta ga inda kukan ya fito. Ashe shi ne mai yin muryar dodo a unguwarmu.