Inda idonsa yake sauka

Shekarun baya, ina goyon ɗan farina, maigidana ya tafi cin rani Kano. Ya bar salula mai hoto a hannun Inna, mahaifiyarsa. Ran Juma'a bayan la'asar yake kira. Inna ta jingina wayar da kwanon sha, ni ina gefen tabarma da yaro a cinya.

Abin da ya hana ni sukuni, mutumin nan ba ya kallona. Zai gaida Inna, ya tambayi awaki, ya ce min "ya gida," amma idonsa kullum can ƙasa, wajen kusurwa. Ni kuwa kun san ni, ko tari mutum ya yi sai na nemo masa dalili. Yau in ce ciwo yake ɓoye mana, gobe in ce a'a, ya fita batuna ne. Har tuwo ya daina shiga.

Na ɗan taɓa wa Inna zancen. Ta ce, "Ke 'yar nan, rezo ne, layin waya ne ba kyau. Mutum yana cikin gilashi ma sai kin bi idonsa?"

Wata Juma'a yaro ya yi barci, na goya shi a baya. Ran nan idon maigida ya kasa zama. Ya duba nan, ya duba can, ya matso har hancinsa ya cika wayar. Inna tana ba shi labarin bikin da aka yi a ƙauyen Tsauni, ba ya ji. Can ya yi gyaran murya.

"Inna, baƙon naku fa? Yawo ya tafi?"

Inna ta tuntsire da dariya. "Ja'iri! Ashe ba don mu kake kira ba."

Sai lokacin na lura. Wurin da yake kafa wa ido, nan ƙafar yaro take leƙowa daga cinyata. Ɗan fari ne, kunya ba za ta bar shi ya ce a ɗaga masa shi gaban mahaifiyarsa ba. Ƙafar nan kaɗai yake samu, ni kuma ina ta ramewa a banza.

Daga ranar, da ya kira sai in miƙar da yaro tsaye, wai ina gyara masa riga. Inna ta kau da kai, wai tana korar kaji.

Yanzu na ji ana cewa akwai wayoyin da suke gyara wa mutum ido, ka ga kamar kai yake kallo. Allah ya taimaki masu yi. Amma da irinta muke da ita, da har yau ban san abin da yake kallo ba.