Wutar da Inna Ta Fara Gwadawa a Hannunta

Ƙanena ko sigari bai taɓa sha ba, wannan ko gaban alƙali zan faɗa. Amma shekarar da tafiyarsa ta fara karkacewa, rabin unguwarmu a Daura ta yanke masa hukunci, wai ɗan ƙwaya ne. Yana tafe yana tangaɗi, magana tana sarƙe masa, to me ya rage? Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajin da yake koyarwa a Islamiyya. Na yi faɗa da mata a gidan suna har muryata ta dishe, amma a banza. Raina ya ƙuna ƙwarai.

Ni na san ba ƙwaya ba ce, domin haka nan mahaifinmu ma ya yi ta tangaɗi kafin ya rasu. Shi aka kai wani ƙauye wajen Zango aka yi masa sakiya, aka ɗora masa jan ƙarfe a ƙafafu. Innarmu ce ta yi jinyar ƙunar.

Saboda haka ranar da muka kai ƙanena asibiti a Kano, likita ya ce za a gwada jijiyoyinsa, za a ɗan sa masa wuta a hannu da ƙafa, sai Inna ta miƙe ta gyara mayafi.

"Wuta? Wallahi ba a gabana ba. Tashi mu tafi."

Na ce, "Inna, ta lantarki yake nufi."

"Ke rufe mini baki. Ta lantarkin ba ta kisa?"

Likita ya yi ta bayani, ba ta ko kalle shi ba. Can sai ta naɗe hannun riga ta miƙa masa hannu. "Sa mini tukuna, ɗan nan."

Ya manna mata wayoyin wata na'ura, ya danna. Babban yatsanta ya zabura shi kaɗai.

"Kai! Wannan ce wutar? Ai tartsatsin mai a kasko ya fi ta." Ta juya ga ƙanena. "Kwanta."

Ya kwanta. Duk dannawa, wani layi yakan yi tsalle a fuskar na'urar. Da aka zo ƙafafunsa, layin da ƙyar yake motsi. Daga baya aka tsira masa siririyar allura a tsoka, na'urar ta yi ta ƙara kamar rediyon da bai kama tasha ba.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙo daga ƙafafu sun yi rauni. Idan aka haɗa da labarin mahaifinmu, ciwon gado ne, gwajin jini zai nuna irinsa. Babu maganin da ke warkar da shi, sai motsa jiki da sanda.

Na kasa kallon yaron.

Shi kuwa ya tashi zaune. "Likita, ke nan ba ni na jawo wa kaina ba?"

"Ba kai ba ne, Malam."

Ban taɓa ganin wanda aka gaya wa ciwonsa ba ya warkewa ya yi irin wannan murna ba. Ya damƙe hannuna, yana dariya hawaye na zuba.

"Yaya, kin ji ko? Ciwo ne. Ciwo ne kawai."