Katangar Alhaji Isufu da Balkonsa

Jiya da la'asar ina ba zogalen gidanmu ruwa, sai na ji sallama daga sama. Na ɗaga kai, ga maƙwabcina Alhaji Isufu a balkon sabon etajinsa, wato barandar bene, riƙe da kofin shayi.

Shi ne fa mutumin da bara ya ƙara wa katangar da ke tsakaninmu tsawo, har ta tare wa tumatirin mahaifiyata rana, duk ya mutu. Wai idon mutanen unguwarmu ta Bobiel ya yi yawa, iyalinsa na buƙatar sutura.

Ya ce, "Malam Sani, yau tuwo Madam za ta yi ke nan? Na ga tana dakan kuka tun hantsi."

Na ce, "Alhaji, ai na ɗauka leƙe ne ba ka so."

Ya yi dariya. "Haba, ni ai na gida ne."

Wai na gida. Tun da ya tare a saman nan, matata ba ta fitowa tsakar gidanta sai da hijabi, cikin wannan zafi. Hajiya mahaifiyata kuwa ta maida tabarmarta ɗaki.

Ashe a wurin wasu, iyalinsu kaɗai suka cancanci sutura, na maƙwabci kuwa telebijin ne na kyauta. Ku da kuka zauna da irinsa, yaya kuka ƙare?