Taraktar Baban Olesia

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin makaranta a arewacin garin Yorkton ya san Olesia Demkiw, ya kuma san muryarta. Shekara talatin da ɗaya tana tuƙa yara, ba ta taɓa faɗawa rami ba, ba ta kuma taɓa yin shirun minti biyar ba. Da ta yi ritaya sai ta koma ɗakin girkin coci, tana naɗe perogi, wato ƙullun fulawa mai dankali da cuku a ciki, tana ba kowa umarni har da limamin cocin. Mijinta Myron ƙato ne marar yawan magana. Mutanen gari suna cewa ba halinsa ba ne, dama ce bai samu ba.

Ban da surutu, abin da Olesia ta fi so shi ne gwanjo. A da, in manomi zai bar gona, gari guda ake haɗuwa a farfajiyarsa, a sha kofi, a hauri taya, a leƙa inji, a tsare mai kaya da tambayoyi. Yanzu an kwashe komai an kai intanet. Ta yi shekara biyu tana mita, sannan ta koya, ta zo ta fi kowa naci.

A can ta ci karo da taraktar. Tsohuwa ce tukuf, fenti duk ya koɗe. Amma a hoto na huɗu, a kan murfin tayar hagu, ga wata 'yar kujerar ƙarfe an yi mata walda a karkace. Babanta ne ya yi ta lokacin tana shekara biyar, don ta daina bin sa gona da kuka. A shekarar babban fari aka yi gwanjon kayan gonarsu, tana tsaye aka ja taraktar aka tafi da ita. Daga ranar baban bai sake yi mata maganar gona ba har ya rasu.

"Myron! Zo ka gani! Tamu ce!"

Ya zo ya duba, ya ce, "To."

Kwana biyar tana taya, wani da ba ta sani ba yana ƙarawa. A mintin ƙarshe ya zarce abin da za ta iya, aka rufe. Ranar Olesia ta yi shiru tun daga azahar har yamma, abin ya tsorata Myron har ya dafa mata shayi.

Bayan kwana biyu sai ga saƙo. Wai mai taraktar ne. Wanda ya ci gwanjon ya janye, tunda ita ce ta biyu an sallama mata a yadda ta taya. Sai dai ta turo kuɗin kai tsaye zuwa asusunsa kafin ƙarfe biyar, ba ta hannun kamfanin gwanjo ba, don kada su yanki ladansu. Har tambarin kamfanin na nan a saman saƙon, da hoton taraktar.

Ta yi ihu, ta rungume Myron, ta taka rawa a tsakar kicin da ludayi a hannu. "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, tsoho! Ina littafin banki?"

"Cinikin biri a sama," in ji Myron.

"Kai dai ba ka san murna ba. Da a ce ni ce aka sa a gwanjo, da har yau kana tunani."

Gaskiyar magana, ba ta zargi komai ba. Ta riga ta buɗe shafin banki. Abin da ya tsayar da ita tsohuwar al'ada ce kawai: a gwanjon farfajiya, ba wanda ke sayen inji bai tambayi mai shi yadda yake tashi da safe ba. Rashin tambayar ma raini ne. Sai ta rubuta masa, cikin ladabi, ya take tashi in an yi sanyi?

Amsa ta zo nan take: "Lafiya lau, hajiyata ta gari. Murɗa makulli sau ɗaya take tashi. Ki hanzarta, akwai mai jira."

Olesia ta karanta sau biyu. Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Myron. Wai makulli."

Myron ya fashe da dariyar da rabonsa da irinta tun ranar aurensu. Taraktar nan ba ta da makulli, ba a ƙera ta da shi ba. Wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe ce mai kama da taya a gefen injin, da hannu biyu ake juya ta kafin injin ya tashi. Duk wanda ya tsaya kusa da ita minti ɗaya ya san haka.

Ba ta bi lambar da ke cikin saƙon ba. Ta ɗaga kai ta karanto ta jikin kalandar da kamfanin gwanjon ke rabawa duk shekara, ta kira. Wata mai suna Darlene ta ɗauka.

"Kada ki tura ko sisi! Wanda ya ci ya biya, ya ɗauki kayansa tun jiya. Mu ba ma cewa a biya wani a bayan fage. Ke ce ta uku a makon nan, ɗaya ma ya riga ya tura, Allah sarki."

Kuɗi sun tsira, amma zuciyar Olesia ta yi nauyi. Sau biyu ke nan ana raba ta da taraktar a mako guda. Ta fara ba Darlene labarin 'yar kujera, don Olesia ba ta iya baƙin ciki a ɓoye ba.

"Tsaya," in ji Darlene. "Ta babanki ce? Mutumin da ya saya ya dame ni tun safe, wai ta ƙi tashi. In ba shi lambarki?"

Ranar Asabar suka yi tafiyar awa biyu a a-kori-kura, da tukunyar perogi a cinyar Myron. Wanda ya sayi taraktar wani dattijo ne, Elmer Toews, mai tara tsofaffin injuna. Suka tarar da shi sharkaf da gumi.

"Baiwar Allah, injuna goma sha ɗaya gare ni, ba wadda ta taɓa kunyata ni sai wannan."

"Ai ba ka gaishe ta ba," in ji Olesia.

Ta sunkuya ta kama famfon mai, ta murɗa shi zuwa inda kowa zai ce rufewa ne. Babanta ya ɗaura shi a baibai tun kafin a haife ta, kuma ya rantse haka ya fi. Ta tofa yawu a tafin hannu, ta kama ƙafar ƙarfen. Juyi ɗaya, biyu. A na uku taraktar ta yi tari, ta yi aman hayaƙi, ta kama bugu, tum, tum, tum, daidai yadda take ji daga gadonta kowace safiya tana yarinya. Olesia ta dafa 'yar kujerar ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba.

Elmer ya jira ta gama. "Ba zan yi miki ƙarya ba, sayarwa dai ba zan yi ba. Amma duk watan Agusta muna jerin gwanon tsofaffin injuna, kuma ga alama wannan ta zaɓi direbanta."

"Nawa zan turo kafin ƙarfe biyar?"

"Wannan tukunyar ta isa."

Yanzu shekara uku ke nan Olesia na jan taraktar a gaban jerin gwano, tana ɗaga wa mutane hannu tana surutun da ƙarar injin ba ta barin kowa ya ji. Myron ya roƙa a bar shi ya hau 'yar kujerar, ta ce ko rabinsa ba za ta ɗauka ba, ya bi su a ƙasa. Kafin a tashi takan ɗaure tsohuwar hular babanta a kan kujerar da igiya, ta gyara mata zama.

"Riƙe da kyau, Baba," takan ce. "Yau ni zan tuƙa."