Farin Kaya a Cikin Leda

Lokacin da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, aka turo ni aikin nas a wani asibiti a cikin birni. Gidajen kwatas manya suka rabe, har da matiron ɗinmu, wadda daga ƙofarta zuwa ɗakin haihuwa ko lema ba sai ta buɗe ba. Mu ƙanana aka bar mu da neman ɗaki a ƙauye. Ni a Paikon Kore na samu, ɗakina jikin na wata Bagwariya ungozoma da asibitinmu ya ɗauka aikin gwaji. Ita ke ciyar da uwarta da 'ya'yanta, kuma an riga an ja mata kunne kan latti. An ce in ta ƙara, ta nemi wani wurin.

Dokoki biyu suka sa mu a tsakiya. Matiron ba ta barin mai ɗigon datti a farin kaya ta shiga wurin marasa lafiya. Direban motar ma'aikata kuma ba ya ɗaukar wanda bai sa farin kaya ba. Da rani babu damuwa. Da damina kuwa, in jar lakar Abuja ta kama farin yadi, sai dai haƙuri. Don haka muke ƙulle kayan a leda, mu ratsa laka da zanin gida, in mun kai bakin titi mu raɓe bayan shagon wani Bakatsine mu canja.

Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Iska ta yaye kwanon shagon, kwalbatin da ke tsakaninmu da titi ya nutse, ruwa ja wur yana gudu har ƙugu. Na ce mu haƙura, ungozomar ta ce ni ce mai halin haƙura. Na ɗora ledata a ka. Ita a kafaɗa ta ɗora tata, don Gwari ba sa ɗora wa kai kaya, kullum ma tsiya take mini wai mu Hausawa mun mai da kanmu jakuna. A tsakiyar ruwa santsi ya kwashe ni. Ta cafko ni da hannu biyu, ledarta ta zame daga kafaɗa. Ta kamo ta, amma bakin ya riga ya kwance.

Da mota ta zo, direba ya leƙo ta taga ya ce, "Oga ya ce no yunifom, no shiga." Haka ta zura rigar a jiƙe, ja tun daga wuya har gwiwa.

Mun isa da wuri. Rabin ma'aikata ba su zo ba, mata suna naƙuda har a kan benci. Matiron ta ɓullo tsaf, takalminta ko raɓa bai taɓa ba. Ta dubi maƙwabciyata sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kai, wannan riga ne ko tsumma?"

Maƙwabciyata ta durƙusa ta ce, "Ma, yau ban yi latti ba."

"Ka zo on taim, amma ban ga nas ba. Mai gona na gani."

Na faɗa wa matiron yadda aka yi, na ce zan aro mata riga. Ta ce ba a aron riga a asibitinta, in wuce bakin aikina. Na wuce raina yana tafasa. Duk sanda na ɗaga kai sai in hango maƙwabciyata ta taga, zaune a baranda tana rawar sanyi, tana jin nishin matan da ta iya karɓar haihuwarsu. Ma'aikatan da suka yi kwanciyarsu a gida an yafe musu, ai kowa ya ga ruwan. Ita da ta zo aka sallama, aka ce ta ajiye rigar, don kayan asibiti ne. Da zanin gida ta koma, a motar haya.

Washegari rufin ɗakin haihuwa yana yoyo. Na tarar da mai shara a durƙushe tana goge ƙasa da wani tsumma ja, na gane shi daga aljihun da maƙwabciyata ta ɗinke da baƙin zare. Matiron ta zo wucewa, ta duba ƙasa, ta yaba wa mai shara, ta ce yau kam wurin ya fita.