Yadda Muka Kai Taki Gafasa Sau Biyu

Ana sallame sallar asuba muka bar Gaya, ni da direba, a tsohuwar a-kori-kura ta ƙungiyarmu ta manoma, wadda nake wa sakatare. Aikinmu ɗaya ne: mu ɗebo takin shanu a Balan, mu kai gonar wani dattijo ɗan ƙungiya a Gafasa, mu kuma sauke shi ba tare da an taɓa shebur ba.

Wajibi ne in bayyana abin da ke bayan motar. Bututun ƙarfe ne aka ɗaura a murfin baya, aka naɗe masa baƙin tamfol mai kauri, da mariƙi a gefe irin na injin taliya. Ana warware tamfol ɗin a shimfiɗa shi cikin bodi, a zuba kaya a kai. Idan an isa sai a sauke murfi, a juya mariƙi, tamfol ya riƙa naɗuwa yana jawo kayan ƙasa. Ni na kawo shawararsa a taro, dattijon nan kuma ya fi kowa musu, ya ce jaki da mangala sun ishi ubansa. Aka yanke a gwada a gonarsa gaban shaidu. In ya yi, a bar shi a motar. In bai yi ba, a kwance a ba 'yan gwangwan, kuma kada in sake kawo wa taro irin wannan magana. Da hannuna na rubuta sharaɗin.

Hanyar Balan ba ta da laifi ga mai haƙuri da gargada. An share gonaki ana jiran ruwan fari, amalanken shanu kuwa duk taki suke ja, domin buhun takin zamani ya kai inda mutum ke tambayar kuɗinsa ya wuce shiru.

Mai garken da za mu ɗebi takinsa ya tarbe mu da mutunci. Na shimfiɗa tamfol da kaina, na miƙe kowace kusurwa, sannan ya ja mu zaure aka kawo fura da nono. Furar ta yi kyau, na kuma ambace ta ne don tana cikin musabbabin abin da ya biyo baya. Da muka fito, 'yan'uwansa sun cika motar, sun rufe takin da baƙin tamfol, sun ɗaure da igiya tsaf. Na ɗauka nasu ne suka ara mana. Har godiya na yi.

A Ajingi mun tsaya shan mai. 'Yan kamasho na kiran Kano, masu gyaɗa na auna ta a tiya, direba ya cika aljihu da ƙuli-ƙuli. Daga nan muka bi ta yashi zuwa Gafasa, inda muka tarar da dattijon da shaidu a gindin ɗorawa.

Na kwance igiya, na sauke murfi, na yi bismilla na kama mariƙi. Sauƙinsa ya ba ni mamaki. Tamfol ya zamo daga saman takin, ya naɗu a bututu lafiya lau. Takin ko motsi bai yi ba.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sakatare, naɗe tabarma kam ya iya. Sai a kai shi masallaci."

Direba ya kira mai garke, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. "Haba Malam," in ji mai garken, "sabon abu fes, a zuba masa kashin shanu? Mun ɗaga shi mun rufa a sama, kada ya ɓaci."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin bai dace a taɓa abin da ba a sani ba sai an tambaya. Sai dai da na nemi wanda zan ɗora wa laifin, na tarar ban yi wa kowa bayani ba. Mutane sun ga abin baƙo sun kare masa shi daga ƙazanta, ni kuwa ina zaure da ludayi a hannu.

Na faɗa wa shaidu cewa sharaɗi ya ce a gwada, gwaji kuma bai auku ba. Dattijon ya ce, "Gaskiya ne. Sauke wannan tukuna." Ya miƙo min shebur. Da farin kaftani na yi aikin, shi yana nuna min inda na bari.

Muka koma Balan da rana tsaka. Aka sake kawo fura, na nemi afuwa. Na tsaya a kan motar har shebur na ƙarshe ya sauka a kan tamfol, mai garke yana girgiza kai don tausayin kayan.

Bayan la'asar muka sake isa gonar. Shaidu sun ragu saura uku, adadin da ya wadatar. Wannan karon mariƙin ya yi nauyi, sai da na sa hannu biyu, takin ya taso gaba ɗaya yana zubowa.

"Dakata," in ji dattijon. "Wa ya ce maka wuri ɗaya ake jibge taki? Tsibi-tsibi ake yi, yadda jaki ke yi. Matsa."

Ya karɓi mariƙin, ya juya sau biyu, ya ce wa direba ya matsa gaba. Ya sake juyawa, aka sake matsawa. Haka suka ratsa gonar har bodi ya zama wayam, tsibi a jere kamar an auna. Wannan dabarar ba ta zo min ba, ban kuma ɓoye haka ba. Bai yabi abin ba. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Jibi akwai gonar ƙanena. Kada ka sha fura."

Mun shigo Gaya dab da magariba, na'urar na nan ɗaure a murfinta. Tafiyar ta koya min cewa sabon abu ba ya bayyana kansa, wanda ya kawo shi kuma ba shi da hurumin zama a zaure. A littafin ƙungiya na rubuta: "An gwada sau biyu. Na biyu ya yi. Na farko ya gaza saboda sakatare."