Tsumman Zuma da Ƙwaryar da Aka Bari Gidana

Ni ban yi karatu ba, ko allo ban taɓa riƙewa ba. Malamin unguwarmu na roƙa ya zauna bakin zaure da tawada, ina faɗi shina rubutawa, don a riƙa karanta wa mata. A shekarun da nika ba ku labari, lokacin da ake rufe ƙofar ganuwar Tambuwal tun kafin magariba saboda tsoron mahara, ni ce matar da ake shakka a unguwarmu. Ba a shigowa gidana ban dubi hannun mutum da ƙafarsa ba. Na san kazar da ta sha ruwan randata, na san yarinyar da ta daɗe a rijiya. Ina alfahari da cewa babu abin da ke wuce idona.

Da jikana ya kai yaye, sai anka kawo mini shi, kamar yadda anka saba. Ɗan ɗana ne na fari, ina ce masa angona. Haƙoransa farare tas, ƙanana awa tsabar shinkafa. Amma yaron ya ƙi dangana da nono. Kwana bakwai shina tsala ihu har muryarsa ta dishe, ni kuwa ba na son a ce yaye ya gagare ni. Maigidana na da amya a itatuwan hanyar Dogon Daji, don haka zuma ba ta yankewa a ɗakina. Sai na yagi tsumma mai tsabta, na ƙulle bakinsa, na tsoma a zuma na sa masa a baki. Nan take ya yi shiru. Daga ranar, ko barcin rana ko na dare, sai da tsumman nan a bakinsa. Mata sunka yi ta yabona, ina karɓa.

A rani akwai Fulanin da ke sauka da shanu a gonakinmu. Cikinsu akwai wata mai tallan nono, doguwa, mai yawan dariya, wadda ta saba da gidana shekara uku. Tana ce mini Goggo. In ta sauke ƙwarya sai ta ɗauki yaron ta ce za ta ƙwace mini miji, wai tsohuwa ba ta dace da wannan kyakkyawa ba, ni kuma in ce ta fara wanke man shanun da ke kanta kafin ta yi takara da ni. Haka muke wasa. Sai na lura da wani abu: duk zuwan da za ta yi, sai ta naɗe yatsa da gefen zanenta ta sa a bakin yaron tana gogawa. Wata rana ta zo masa da ɗan icen marke da ta tattauna bakinsa ya yi laushi, ta ce ya riƙa wasa da shi. Da ta fita na jefa shi murhu. Wata ranar kuma ta tambaye ni, a hankali, ko da mi yaron nan ke kwana a baki. Na ce mata tun ba a haifi uwarta ba nika renon 'ya'ya, ta auna mini nono ta kama hanya.

Kafin damina ta faɗi, haƙoransa fuɗu na sama sunka fara canza kama. Da fari wani fari-fari awa alli a gindinsu, daga baya ja-ja, daga baya baƙi. Ɗaya ya ɓare shina cin tuwo. Bakinsa ya soma wari, in ya sha ruwan randa sai ya dafe kunci ya fashe da kuka. Na zauna na yi ta lissafin wanda ya taɓa yaba haƙoran nan, da wanda ya taɓa su da hannu. Duk inda na bi, kan mai nonon nika faɗawa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne kiyashi. Da safe sai in ishe su jere a leɓensa da kuncinsa. Na ce wa kaina, jikin mai rai kiyashi ba su bi sai in an riga an taɓa kurwarsa. Ban faɗa da ƙarfi ba da fari. A rijiya na raɗa wa mace ɗaya, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin Juma'a unguwa duka ta san cewa mai nono mayya ce.

Liman ya aiko maigidana ya gaya mini in ji tsoron Allah, wannan magana ba ta da shaida, kuma ko gaban alƙali anka kai ta ni za a hukunta. Na ce liman bai taɓa kwana da yaro mai ciwo ba. Ranar da mai nonon ta zo da hantsi, mata sun cika tsakar gidana. Tana sauke ƙwarya anka tare ƙofa. Na shimfiɗa yaron a tabarma na ce ta tsallake shi sau uku ta sako masa kurwa. Ta dube ni ta tambaya ko wasan namu ne yau ya yi tsawo. Da ta ga babu mai dariya, sai ta tattare zanenta ta tsallake, ɗaya, biyu, uku, yaron na miƙa mata hannu don ta ɗauke shi. Ba ta yi kuka ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce mini, tana dai kirana Goggo har lokacin, in riƙa duban bakin yaron da safe kafin in dubi mutane. Ta fita ta bar ƙwaryarta da ludayi a tsakar gida.

Yaron bai warke ba. Dasashinsa na sama ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Na ce ashe ba ta sake shi ba, na ƙudura sai na ga ta inda abin ke shigowa. Ranar nan da azahar na kwantar da shi, na zauna kusa ban ko ƙyafta ba. Barci ya ɗauke shi, tsumman ya zame daga bakinsa ya faɗi gefen tabarma. Can sai ga kiyashi sun fito daga gindin bango. Na bi su da ido. Ba yaron sunka nufa ba, tsumman sunka rufe. Sai da ya cika, sannan saura sunka hau inda zuma ta dalalo a haɓarsa. Na ɗaga leɓensa a hankali. Daidai inda ƙullin tsumman ke zama, nan haƙoran sunka ruɓe. Na ƙasa, waɗanda harshe ke rufewa, suna nan farare. Na daɗe zaune da tsumman a hannuna. Ni na yage shi, ni nika tsoma shi, wata da watanni.

Da wanzami ya zo ya fasa kumburin, mugunya ta fita, na nuna masa tsumman. Ya ce ya sha ganin irin wannan a gidajen masu amya, zaƙi in ya kwana a baki cin haƙori shike yi, kuma wadda ke goge wa yaron baki ai taimakona take. Washegari da sassafe na ɗauki ƙwaryar na nufi rugar. Ban ishe komai ba sai turaku da kashin shanu. Sun tashi tun kwana biyu, tun kafin lokacin tashinsu, sun yi wajen Fakku. Na dawo na tsaya a rijiya, inda na fara maganar, na faɗa da bakina cewa ƙarya na yi mata. Wasu sunka ce wayyo, wasu sunka ce ai ta sha kaina ne. Daga baya fatake sun gaya mini sunan mayya ya riga ta isa kasuwar Kebbe, tana wuni da nono babu mai tayawa, har sunka ƙara gaba. Inda sunka tafi ban sani ba.

Angona ya yi shekaru da giɓi da guntayen baƙaƙen haƙora, yara na tsokanarsa, har Allah ya sa sunka zube wasu sunka fito. Waɗannan ban yi wasa da su ba. Safe da dare ina goge masa da ƙyalle da ruwan ɗumi, da ya ƙara wayo na koya masa asuwakin marke, irin wanda na jefa a wuta. Yau magidanci ne, haƙoransa lafiya lau, bai ma tuna ta ba.

Ku mata, musamman ku kakanni da ake kawo wa yaye: kada ku bar yaro ya yi barci da zaƙi a baki, ko zuma ko kunu mai zaƙi, komai kukansa. Tun haƙorin fari ya leƙo ku riƙa goge shi, ku ɗaga leɓe ku duba gindinsa. Kada ku ce ai na nono ne zai zube, ciwonsa ba ƙarami ba ne. In kuma ciwo ya kama ɗanku, ku fara binciken abin da hannunku ke ba shi kafin ku kira sunan ɗiyar wani. Ni na binciki kowa a unguwa, ɗakina kaɗai na tsallake.

Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakina, ban taɓa zuba komai ciki ba. Duk rani in shanu sun sauka, nakan sa a ɗauke ni zuwa bakin ƙofar gari in dubi masu tallan nono ɗaya bayan ɗaya. Yanzu idon ya yi rauni, ko ta zo ba lalle in gane ta ba. In akwai wanda ya san wata doguwar Bafillata da ta taɓa barin ƙwarya a Tambuwal, ko 'ya'yanta, ya gaya musu Goggo na neman gafara.